Makullin Gidan Ikko

Tudun Wada, Jos.
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ka Ikko lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka bayan ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da za ka kama. Amin.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naka. To, kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba. Haka muka taso muka tarar, ban kuwa taɓa ganin nauyin abin ba sai a wannan makon. Gobe da hantsi jirginka zai tashi, ga magana a bakina, bakin kuma ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga baƙi ya karkace, ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da zarto.

Maganar makulli ce. Ranar Asabar, a walimar da muka yi maka, abokina Alhaji Bala ɗan kwangila ya miƙe a gaban jama'a ya zaro makulli daga aljihu, ya ce sashe guda a gidansa na Ikko naka ne, ka zauna iya son ranka, ba haya. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu, kamar yadda aka tarbiyyantar da kai. Ni kuma na ce Allah Ya saka da alheri. Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Ofishin da za ka, ta nan takardun kwangila suke bi, Alhaji kuwa kwangila ce sana'arsa. Ina so makullin nan ya koma hannun mai shi kafin ka hau jirgi. Abin da takardar nan ta ƙunsa ke nan, saura duk dalilai ne.

Ka tuna wani hutu, kana jami'a, da ka riƙa zuwa rumfata a kasuwar Katako da littattafanka? Wata rana ruwa ya hana kasuwa ci, ka zauna a kan tarin falanki kana ba kawunka Sale labarin abin da za a tambaye ku a jarrabawa. Ni ina gefe, ina yi kamar awon katako nake, alhali katakon nan na auna shi tun da safe. Labarin wani Bature ka ba shi, wanda ake ɗauka shi ne firaministan Ingila na farko, shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce. Sunansa bai zauna mini ba, amma labarin ya zauna.

Ka ce ɗan manyan manoma ne daga karkara. Ka ce tun yana tasowa abokan hamayya suka zarge shi a kan kwangilar abincin dawakin soja, har aka tsare shi na ɗan lokaci, ya fito ya ƙara ƙarfi. Ka ce ya riƙe ƙasar wajen shekara ashirin, ya tsare ta daga yaƙi, kasuwa ta ci, jama'a suka huta. Yadda ya riƙe majalisa kuwa, wannan a ba shi muƙami, wancan a sama wa ɗan'uwansa aiki, har kowa ya zama yana da abin da zai rasa in ya yi masa musu. Duk wanda ya ga yana da kai da baki, sai ya san yadda ya yi ya nesanta shi. Kana kaiwa nan kawunka Sale, wanda ba ya raga mini, ya waiwayo gare ni ya ce, "Af, ashe tsohon shugabanmu ne aka fara haifa a Ingila." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ba ta wuce haƙora ba, don lokacin ba a daɗe da sauke ni daga shugabancin 'yan katako ba.

Sai ka faɗi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ka ce sarkinsu ya ba mutumin nan gida a tsakiyar birni, kyauta, nasa na kansa. Ya ƙi karɓa a haka. Ya ce a mai da shi gidan muƙamin, duk wanda ya hau ya shiga, in ya sauka ya fita. Ka ce har yau a gidan nan shugabanninsu suke zama. Sale ya ce, "To ashe da ɗan tsoron Allah a tare da shi." Kai ka ce malamanku ma ba su gama yanke masa hukunci ba.

Ni dai na daɗe ina juya abin, ga inda na tsaya. Ban ɗauka tsoron Allah ba ne, Allah Shi ne masani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure mutane da kyauta, babu wanda ya kai shi sanin abin da kyauta take yi wa wanda ya karɓa. Ya ga igiya ya gane ta, don da irinta yake aiki kullum. Ni ma na san ta, Abba, ta gefe biyu, kuma bari in fara da gefen da aka ɗaure ni.

Shekarar da aka zaɓe ni shugaba nake gina gidan nan. Bango ya tashi, damina ta ƙarato, rufi ya gagara. Lokacin Alhaji Bala dillali ne, yana ɗauko katako daga kudu yana sauke mana. Wata safiya na zo na tarar da kafintoci a kan ginina, ga katako ga kwano a jibge. Na ce wa ya aiko ku? Sai ga shi da kansa yana murmushi. Ya ce, "Shugaba, ba zan bari ruwa ya ci maka gini ina da rai ba. Kada ma ka ce komai." Ban ce komai ba kuwa. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye maka ba. Rufin da ka girma a ƙarƙashinsa, nasa ne.

Aka yi shekaru, bai taɓa ambata ba, ko da wasa. Ana nan sai Pam, wanda ka sani, mai 'yar rumfa a can ƙarshen layi, ya karɓi aikin rufin wasu ajujuwa a ƙauyensu. Ya sayi katako mota guda a hannun Alhaji a kan busasshe ne. Da aka sauke, na sama busasshe, na ciki ɗanye. Kai ɗan gidan katako ne, ka san ɗanye in ya hau rufi, rani na shiga zai lanƙwashe ya ja kwano. Pam ya kawo ƙara ƙungiyarmu ta 'yan katako.

Al'adarmu a irin wannan ba ta da wuya. Shugaba zai ɗauki zarto a gaban kowa ya yanke bakin katako ɗaya, ya ɗora tafin hannu a kan yankan. In da danshi, mai kaya ya kwashe kayansa, magana ta ƙare. Na sha yin haka ga manya da ƙanana. Ranar aka miƙo mini zarto, na riƙe. Alhaji yana zaune a kan benci yana jan carbi, ko kallona bai yi ba. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne ƙarar ruwan da na ji a kan kwanon gidana da asubar ranar, da yadda ko ɗigo bai taɓa shimfiɗata ba.

Pam ya ce, "Oga, ka yanka mana. Zarto yana hannunka."

Na ajiye zarton. Na ce mu duka 'yan'uwa ne, a yi sulhu, kowa ya ɗauki rabin asara. Aka ce shugaba ya yi magana ta hankali. Pam ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, oga. Na gane." Aikin nan ya kuɓuce masa, sunansa ya ɓaci a ƙauyensu, ya daɗe bai miƙe ba. Wannan ba asiri ba ne, duk tsofaffin Katako sun san shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, Alhaji bai roƙe ni komai ba. Kai ma ba zai roƙe ka ba. Kana jiran ranar da wani zai zo ya ce ka yi ha'inci don ka ce a'a da ƙarfi, ranar ba za ta zo ba. Takardarsa ce kawai za ta iso teburinka a cikin takardu, ka ga sunan, ka tuna gadon da ka tashi a kai da safe. Kunyar da muka koya maka, ita ce za ta yi masa aikin. Yaron da ba shi da kunya ma ya fi ka tsira a irin wannan wuri, shi ya sa nake jin tsoro.

Kada kuma ka ɗauka Alhaji mugu ne. Ya yi wa mutane alheri da yawa, marayun da yake ciyarwa ban san iyakarsu ba. Ina jin shi kansa bai san inda alherinsa ya tsaya sana'arsa ta fara ba. Ka girmama shi, ka gaishe shi da salla, in ya yi rashi ka je ta'aziyya. Ɗakinsa ne kawai ba za ka kwana ba.

Sai ɗaya gefen. Da na ga yadda rufi ya yi aiki a kaina, maimakon in ji tsoro, sai na koyi sana'ar. Rabon rumfunan bakin titi yana hannuna, wanda zai fara zaɓa in mota ta sauke yana hannuna. Na riƙa rabawa da lissafi. Ba na yi wa kowa tsawa, ba na zagi, amma in na kawo shawara babu hannun da ba ya tashi. Mutum ɗaya ne ya gagare ni, Malam Isa, wanda in na ce gabas sai ya tambayi dalili. Ya fi ni kaifin tunani, na kuwa sani. Sai na ƙirƙiro masa girma, na ce shi ne wakilinmu a Bukuru, aka yi masa liyafa aka raka shi. Ya tafi yana sane, ni ma ina sane.

Ba zan rage wa kaina abin da na yi daidai ba. Shekara da shekaru ba a ɗaga wa juna gora a Katako ba, ga Bahaushe, ga Birom, ga Bayarabe, ga Inyamuri, kowa yana cin abincinsa. Zaman lafiya ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya ga shekarun tashin hankali a garin nan ba zai raina shi ba. Baturen nan ma na ba shi wannan. Amma ka ce a ƙarshe an matsa masa ya shiga yaƙin da ba ya so, don kada kujera ta kuɓuce, yaƙin kuwa bai yi kyau ba, mutanensa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya har ya sauka. Da ka faɗi haka sai da na ajiye abin awo.

Nawa yaƙin ƙarami ne. Hukumar gari ta ce a ja da rumfuna baya don a faɗaɗa hanya. Na san lallami ne maganin, a je a zauna, a nemi wa'adi. Matasa suka ce a rufe kasuwa. Na duba kewaye da ni ina neman wanda zai tsaya ya ce musu a'a tare da ni, sai na ga duk waɗanda na tara ba su iya komai ba sai gyaɗa kai, kuma ranar ga matasa suke gyaɗawa. Na ce to a rufe. Aka rufe, aka yi asara, aka ja rumfunan baya duk da haka, ba wa'adi. Ba a yi wata biyu ba aka zaɓi wani. Waɗanda na ba rumfar bakin titi su ne suka fara sauya hanya in sun hango ni.

Malam Isa kaɗai ya shigo motar Bukuru ya zo har zaure. Bai yi mini jaje ba. Ya ce, "Garba, da ka bar ni kusa da kai, da mun yi faɗa a kan maganar nan, amma da ba ka rufe kasuwa ba." Ya sha furarsa ya tafi. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo ta kuma yi mini daɗi kamarta ba.

Saboda haka, in Allah Ya ɗaga ka a wurin aiki, kuma ina fata Ya ɗaga, ka nemi mai yi maka musu ka ajiye kusa. Zai ɓata maka rai sau da yawa, ka jure. Kada ka sayi bakin kowa, don wanda ka saya ba naka ba ne, na wanda ya fi ka bayarwa ne gobe. In kuma aka zo inda sai ka yi abin da ka san ba daidai ba ne kafin ka zauna a kan kujera, ka tashi ka bar musu. Ni na yi abin, kujerar kuma ba ta tsaya ba. Yanzu da soja ke shirin miƙa mulki, ga motocin jam'iyyu suna yawo da lasifika har ƙofar masallaci, masu neman riƙe mutum irinka za su yi yawa, kuma duk da fara'a za su zo.

Akwai wani abu da ka faɗa a ƙarshen labarin, ina jin kai ba ka ba shi muhimmanci ba. Ka ce mutumin ya gina wa kansa wani katafaren gida a ƙauyensu, ya cika shi da zane-zane masu tsada da ya yi shekaru yana tarawa, bayan ransa jikansa ya sayar da su ga wata sarauniya a wata ƙasa. Wato abin da ya tara wa kansa ya watse, gidan da ya ƙi karɓa shi ne ake nunawa har yau. Ni na yi shugabanci kusan tsawon nasa, in ka shiga Katako ka tambayi abin da na bari, za a yi shiru a yi tunani. In an matsa, wani tsoho zai ce, ai shi ne ya ajiye zarto.

Kuskurena na ƙarshe sabo ne, na ranar Asabar. Da Alhaji ya zaro makullin, ni ya kamata in miƙe in ce a'a, mun gode, yaro zai nemi wurinsa. Na buɗe baki sai godiya ta fito. Shekara nawa da yin rufin nan, har yau yana kaina. Ka gani da idonka, ba labari ba.

Na san Ikko ba a samun ɗaki da sauƙi, ba zan ce ka mayar da makulli ka kwana a tasha ba. Jiya na taka har ƙarshen layi, rumfar Pam, wadda na yi shekaru ina gaisawa daga nesa. Ɗansa yana aikin jirgin ƙasa a can Ikko, yana da ɗaki. Na tsaya ina kame-kame, ina maganar sanyin bana, har Pam ya gaji ya jawo mini kujera. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce, "Yaronka yarona ne, oga. Ɗakin ƙarami ne, akwai zafi, akwai sauro, amma zai ɗauki mutum biyu." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tsaya. Zai biya rabin haya fa. Ba kyauta." Muka dubi juna. Ya yi dariya, ni kuwa sai da na goge ido da hannun riga, na ce ƙurar zarto ce. Kwatancen gidan yana hannun mahaifiyarka.

Ban ce abin zai yi daɗi ba. Ɗakin yana da nisa da ofis, za ka sha turereniyar mota safe da yamma. Abokanka za su ce ka yi wauta, dangi za su ce mun yi butulci, mahaifiyarka ma ta riga ta yi kukanta don ta so ka zauna inda akwai fanka da famfo. Alhaji zai ji ciwo, kuma shi ne babban mai sayen katako a rumfata, ba na jin zai ƙara aiko mota. Duk na auna wannan. Na fi son rumfar ta yi shiru da in ji wata rana an ce ɗana ya ga takarda ya kau da kai.

Ba zan sa ka tsaya a gaban sa'an mahaifinka ka mayar masa da kyauta ba, wannan ba aikin yaro ba ne. Ni na yi godiyar, ni zan warware ta. Ka san ƙusar da ke bayan ƙofar zaure, inda nake rataya makullin rumfa. Gobe daga masallacin asuba zan wuce kasuwa, ba zan zo rakiya ba, ka san ba a yi. In na dawo da azahar zan duba bayan ƙofar. In na ga makulli, zan sa babbar riga in kai wa Alhaji da hannuna, in faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun ranar da na tarar da kafintoci a kan ginina. In ban gani ba, kai babba ne yanzu, ba zan ƙara tayar da maganar ba, addu'ata kuma ba za ta ragu da komai ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko da aiki ya yi yawa. Ka riƙa rubuto wa mahaifiyarka, ni zan ji daga bakinta. Allah Ya sa ka fi ni, Ya ba ka abokai masu faɗa maka gaskiya, Ya raba ka da abin kunya duniya da lahira. Allah Ya kiyaye tafiyarka da zamanka, Ya dawo mana da kai lafiya, kanka a ɗage. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini shirun da na yi maka.

Ƙusar tana nan, na cire nawa makullin don ka sami wuri.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba mai katako.